Gawayin Ƙiryar da Ban Aiko Maka Ba

Magarya, ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗana Mutari, wanda nake kira Babana, a Dungas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, hannuwanka biyu da idanunka biyu ƙalau. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na wuta, ya tsare duk wanda zai tsaya kusa da abin da hannunka ya ƙera. Mu nan lafiya muke, sai dai ni da zama ya gagare ni tun jiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na san ka, na san kaina. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka fara "To Baba, to Baba," ni kuma in hasala in ɗaga murya, rezo ya ɗauke, waya ta yanke, kowa ya tafi da tasa a ciki. Don haka ka nemi inuwa ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka koma bakin aiki, ko da rubutuna na 'yan yaƙi da jahilci zai ba ka ciwon ido.

Jiya Ɗanladi direba, mai motar da ke zuwa Dungas, ya tsaya a ƙofar garejina ya ce, "Malam Ila, ɗanka fa ya ba ni saƙo. Ya ce in taho masa da buhun gawayin ƙirya, na maƙera, ba na masu shayi ba."

Na ce, "Gawayin ƙirya? Shi da ke da injin walda?"

Ya ce, "Ni dai ɗan aike ne. Ya ce wai da gaggawa."

Da ya tafi na shiga ciki na duba ƙusar da nake rataye filiyar, ƙarfen nan da muke yanka wa bulon haƙori da shi don noti ya hau. Ƙusa ce kawai a bango. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin teburi, inda buhun dogayen bulon ɗin nan baƙaƙe yake, waɗanda muka kwance daga injin tsohon kamyon, babbar motar kayan nan. Shi ma babu. Ban ji haushin ɗaukar ba, kayan uba ai na ɗa ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da na haɗa ukun wuri ɗaya: filiyar, baƙin bulon, gawayin ƙirya. Na san hanyar nan, Babana. Ni na riga ka binta, kuma na san inda ta ɓulle.

Da bakinka ka faɗa mini, ranar da za ka tafi, cewa ƙungiyar matan Dungas masu ƙuli-ƙuli sun ba ka aikin ƙera matsa, injin tatsar man gyaɗa, aikinka na farko da sunanka. Farantin ƙarfe mai kauri a ƙasa, wani a sama, sanduna huɗu su haɗa su ta kusurwa, kirik ɗin ɗaga mota a tsakiya yana danna markaɗen gyaɗa har mai ya tsatso. Duk ƙarfin da kirik ya yi, sandunan nan huɗu ne suke shan sa, su ake ja. Matar da ke buga kirik kuwa, fuskarta da hannuwanta suna nan jikin abin. Tun jiya abin da nake gani ke nan. Na ɗauki aiki na ajiye, na shiga gida na fito, na yi wa mai amalanke walda a inda bai ce ba har ya tambaye ni ko lafiya.

Bari in ba ka labarin matsar da na yi wa innarka. Ka san shi sama-sama, kamar yadda yara ke sanin abin da ba a son faɗa a gida. Yau za ka ji shi daga tushe.

Lokacin ban daɗe da barin maƙerar mahaifina, mai sunanka, a Waca ba. Na zo Magarya na koyi walda da gyaran mota, kaina ya kumbura, ina ganin na haɗa sanin da da na yanzu, ba mai gaya mini komai a kan ƙarfe. Innarka tana ƙuli-ƙuli, da hannu take matsa tunkuza. Duk jajiberen kasuwa sai ka ga tafinta ya yi jawur, kafaɗarta ta riƙe, ta kasa ɗaga tulu. Na ga irin matsar nan a Damagaram na ce wallahi sai na yi mata. Niyyata mai kyau ce, kamar taka. Da na tambayi kuɗin sandunan da ake sawa, masu haƙori daga kai har gindi, waɗanda ake ce wa tij, sai na ji tsada, na yi tsaki. Ga bulon ɗin kamyon zube a bayan gareji, dogaye, baƙaƙe, masu nauyi, kyauta. Aibinsu ɗaya, haƙorinsu a baki kaɗai yake, ni kuma ina son noti ya sauka ƙasa ya kama faranti. Na ce abu mai sauƙi, in ƙara musu haƙori.

Na ari filiyar ɗin maigidan da ya koya mini aiki, ban ma gaya masa abin da zan yi da ita ba. Na ɗaure bulon, na zuba baƙin mai, na fara juyawa. Ta bi tsohon haƙori lafiya lau, tana isa inda ya ƙare ta tsaya cak. Na danna, ƙarfe ya yi wani irin kuka mai tsinka haƙoran mutum. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na samo bututu na zura a hannun filiyar don in ƙara ƙarfi, na taka teburi da ƙafa ɗaya na ja. Na ji ƙas. Da na kwance, haƙoran filiyar ne suka zube, bulon kuwa ɗan ƙarzanewa kawai ya yi.

Maigidana ya zo ya duba, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Ila, ƙarfen nan bai yi maka magana ba?"

Na ce, "Ya yi ƙara."

Ya ce, "To kai kurma ne?"

Ya ɗauki magagari ya goga a jikin bulon, magagari ya zame bai ci komai ba. Ya share kan bulon da babban yatsa ya nuna mini lambar da ke jiki, 10.9. Ya ce wannan an riga an gasa shi an taurara shi tun daga masana'anta, kuma in je in nemo masa filiyar.

Ina kyautata zaton ka riga ka wuce wannan matakin, don in ba filiyar ta gaza ba, me za ka yi da gawayi? In ta karye, ta karye, kada ka ɓoye mini. Amma ka riƙe wannan: kafin ka ɗora filiyar a kan kowane ƙarfe, ka goga masa magagari. In ya ci, ƙarfen zai yanku. In ya zame, ka ajiye. Ka karanta lambar kai. Mai 8.8, in filiyar mai kyau ce, da mai da haƙuri za ta ɗan ci. Mai 10.9 da 12.9 ka gaishe su ka wuce. Kuma ko ka yi nasarar yankawa, kada ka ɗauka ka sami irin haƙorin masana'anta. Su yawanci ba yankawa suke yi ba, murza ƙarfen suke tsakanin wasu ƙarafa har haƙori ya taso, naman ƙarfen bai tsinke ba. Namu yankan yana barin ƙarzane a gindin haƙori, kamar tsagar da mai rake ke yi kafin ya karya. Wani bulon ɗin ma jikinsa ya fi bakinsa siranta, in ka yanka haƙorin ya fito rabi-rabi, noti ya riƙa rawa a kai.

Da na tsaya a nan, da asarata filiyar ce kawai. Amma ka san halinmu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ji kunya, kunya ta koma taurin kai. Na ɗaure bulon huɗu a bayan keke na tafi Waca wurin mai sunanka.

Ka tuna shi kaɗan, dogo, mai tabon wuta a damtse. A yankin nan ba wanda ya kai shi iya ba gatari ruwa. Zai gasa baki har ya yi ja, ya dubi launin, ya tsoma a ruwa, gatarin ya shekara yana sara bai dakushe ba. Na zube masa bulon na faɗa masa yadda muka yi da su. Ya juya ɗaya a hannu ya yi dariya ya ce, "Kai Ila, ƙarfe ai ƙarfe ne. Duk wanda ya shiga wutar gidan nan ya zama ɗanmu. Kama zugazugi."

Muka hura gawayin ƙirya, muka gasa su har suka yi jawur, muka binne a toka suka huce a hankali. Da na ɗora sabuwar filiyar, Babana, kamar ana yankan sabulu. Haƙori ya fito sumul, noti yana sauka da yatsa biyu. Sai na ce, "Baba, to yanzu sun yi laushi, ƙarfinsu fa?" Ya ce, "Mu da muka cire, mu za mu mayar." Muka sake gasawa, ya kama da awartaki ya tsoma kowanne a ruwa, ya yi cuu, tururi ya tashi. Ya goga magagari, ya zame. Ya buga ɗaya a kan uwar maƙera, ya yi ƙara mai daɗi. Muka dubi juna muna murna, mun kayar da masana'antar Turawa da zugazugin fatar akuya. Har fura ya sa aka dama mana.

Ga abin da ni da shi ba mu sani ba a ranar. Wuta tana cire wa bulon abin da masana'anta ta sa masa, kuma idonmu ba ya iya mayar da shi. Su da ma'auni suke gasawa, su tsoma, su sake ɗumamawa daidai gwargwado, har ƙarfe ya yi tauri kuma ya yi jimiri. Mu tauri kaɗai muka ba shi. In ka gasa ka bar shi da laushi, zai miƙe a ƙarƙashin kirik, haƙori ya zame. In ka ba shi ruwa irin namu, zai yi tauri ya bushe har ciki, ranar da zai tafi ba zai lanƙwasa ba, ba zai yi kuka ba, tsinkewa kawai zai yi. Sanin mai sunanka gaskiya ne, amma na gatari da fartanya ne. Can baki kaɗai ake ba ruwa, jiki yana nan da laushinsa, in bakin ya ɓalle manomi ya yi 'yan zage-zagensa ya dawo da shi a gyara. Sandar matsa kuwa ja ake yi mata tun daga sama har ƙasa, kuma mutum yana tsaye a gabanta. Kada ka sa bulon ɗin nan a wuta. Na roƙe ka, kuma na umarce ka, ka ɗauki wanda ya fi maka sauƙin bi.

Abin da ya fi muni, matsar ta yi aiki. Da ta karye ranar gwaji, da na gode Allah. Ta yi makonni tana zubo mai, matan unguwa suna layi a tsakar gidanmu, innarka tana dariya tana cewa hannunta ya huta. Ni kuma ina yawo a gari ƙirji a gaba, ana nuna ni. Don haka in ka haɗa taka ka gwada ka ga ta riƙe, kada wannan ya ruɗe ka. Tsagar tana ciki tana tafiya kaɗan-kaɗan duk sanda aka buga kirik, ido ba ya ganinta.

Ranar wani jajiberen kasuwa ne, da hantsi kamar yanzu. Ina gareji maƙwabciyarmu ta shigo a guje ba mayafi, ta ce, "Malam, ka zo, injin ya fashe!" Daga baya innarka ta faɗa mini yadda aka yi. Tana durƙushe tana buga kirik, kana goye a bayanta kana barci. Ta ji ƙara kamar bindiga. Sanda ɗaya ta tsinke, farantin sama ya karkace, kirik ya yi tsalle gefe. Ita ba ta san lokacin da ta murɗa jiki don ta kawar da kai ba, ta dafa farantin ƙasa da hagu don kada ta faɗi a kanka, na saman ya sauko. Da na iso kana ta tsala kuka, ko ƙwarzane babu a jikinka. Ita kuwa tana zaune ta riƙe hannun da zani, ba ta kuka, tana ta cewa a duba yaron.

A gidan likita suka yi iya yinsu. Yatsun nan biyu da ka tashi ka gani ba sa lanƙwasawa, waɗanda take ɓoyewa cikin mayafi in za a ɗauki hoto, daga nan ne. Da na dawo na ɗauki guntun sandar na duba. A daidai haƙorin ƙarshe da na yanka ta rabu. Bakin karayar fari fat, yana ƙyalli kamar gishiri, ko alamar lanƙwasa babu.

Mutane suka yi ta zuwa jaje, kowa yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Innarka ma cewa ta yi, "Ƙaddara ce, Malam, ka daina wannan zaman shiru." Har yau ba ta taɓa cewa ni na jawo ba, kuma wallahi da ta faɗa sau ɗaya da na fi samun sauƙi. Mai sunanka ya zo daga Waca, na miƙa masa guntun. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Wannan ƙarfen ba a gidanmu aka haife shi ba, Ila. Mun yi masa karambani." Ya sa shi a aljihu ya tafi da shi, bai ƙara ɗaga maganar ba har ya koma ga Allah. Na yarda da ƙaddara, kai ma ka yarda. Amma ni na san hannun da ya riƙe filiyar. Kada ka bari a zo yi wa wata jaje a Dungas ana kiran tsautsayi, kai kana gefe ka san abin da ka sani.

Za ka ce daga nan na yi hankali. Ina! Saura ɗaya. Bayan shekara wata dattijuwa a unguwarmu ta matsa mini in gyara matsar ta saya. Na rantse ba zan ƙara yanka haƙori ba, tij zan saya. Na shiga kasuwa na ga wasu farare tas, suna walƙiya, kuma da araha. Na ce wa mai shagon, "Suna da ƙarfi?" Ya ce, "Haba Malam, dubi yadda suke sheƙi, giwa ma za su ɗaure." Na saya ina jin na yi dabara. Wannan karon ni na buga kirik da kaina, na kori kowa daga tsakar gida. Tun kafin mai ya fara ɗiga na ga noti yana tafiya shi kaɗai, haƙori yana barewa yana zubowa. Sandunan suka miƙe, faranti ya saki, markaɗen gyaɗa ya fantsamo mini har gemu. Dattijuwar tana leƙe ta katanga ta ce, "Malam Ila, matsar zan saya ko kai?" Araha ba ta ado, ni kuwa ranar na yi ado da tunkuza.

To ka ji, sayen tij ma ba a yin sa da ka. Fararen nan na kasuwa na rataye rufi ne da ƙofar langa-langa, ba na matsa ba. Mai ƙarfin yawanci ba ya sheƙi, kuma akwai lamba a bakinsa, ko fenti da ke nuna ajinsa. Ka nemi mai 8.8 ko sama, ka ga lambar da idonka. In mai shago ya fara yi maka rantsuwa maimakon ya nuna maka lamba, ka yi masa sallama. Ka sayi notinsa tare da shi, mai aji ɗaya da shi, don sanda mai ƙarfi da noti mai laushi aikin banza ne. Ka sa wasa mai kauri, zoben ƙarfen nan, a ƙarƙashin notin. In za ka rage tsawo, ka yanka da zarto, ka bar noti a ciki don ya gyara bakin in ka kwance. Kada ka kusantar da walda gare shi, ko ɗigo ɗaya, don walda ma wuta ce. A Magarya da wuya ka samu, sai manyan shagunan kayan ƙarfe na Damagaram. Na san wanda zan je wurinsa.

Ban ce ka jefar da filiyar ba. Tana da ranarta. Haƙorin da ya ɗan buge kana son ka tsabtace shi, ko ƙarfe mai laushi na kujerar amalanke da maƙallin ƙofa, inda in ya saki ba wanda zai zubar da jini, nan ka yanka abinka ka yi alfahari. Tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kanka kafin kowane aiki: in wannan ya saki, wa ke tsaye a wurin?

Na tashi na zagaya na dawo. Akwai laifin da ya fi waɗancan kusa, kuma kai na yi wa shi. Shekara da shekaru kana gefena a garejin nan, na koya maka walda, na koya maka tsinto ƙarfe a bola, ina yaba maka duk ranar da ka mai da shara abin amfani. Amma duk sanda ka miƙa hannu wajen filiyar ko buhun nan, sai in daka maka tsawa, "Ajiye!" Ban taɓa cewa ga dalili ba. Kunya ta hana ni, ina ganin in ka sani zan ragu a idonka. Buhun ma ya kamata a ce na zubar da shi tuntuni, amma maƙeri bai iya zubar da ƙarfe ba, na ce zan yi turaku da matoshi da su. Ka ga tsawa ba ta hana ka komai ba, jira kawai ka yi in juya baya. In Allah ya ba ka masu koyo a ƙarƙashinka, duk abin da ka hana su ka faɗa musu dalili, ko da dalilin kai ne.

Na san abin da ke cin ka. Ka faɗi kuɗin aiki ƙasa-ƙasa don a ba ka, ka yi alkawarin rana, yanzu kana ganin in ka koma ka ce sai an sayo tij daga Damagaram, za a ce yaron Magarya bai san aikinsa ba. Wannan tsoron na san ɗanɗanonsa, shi ya ɗora ni a keke zuwa Waca. Ka je wurin shugabar matan nan, ka gaishe ta da ladabi, ka ce, "Hajiya, na yi kuskuren lissafi. Ƙarfen da na tanada ba zai riƙe ba, ina son a ƙara mini kwanaki in kawo wanda hankalina zai kwanta da shi." Za ta yi faɗa, mai yiwuwa ta ce da ta sani da ta ba wani. Ka sunkuyar da kai ka sha. Matan da suka shekara suna soya ƙuli a gaban wuta sun san bambancin mai gaskiya da mai daɗin baki, kuma faɗan kwana biyu ne. In ma ta karɓe aikin, ta karɓe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga abin da za ka yi. Ka yanko kara daidai tsawon sandar da kake buƙata, ka ɗaura masa noti ɗaya mai kaurin ramin farantinka, ka ba Ɗanladi ya taho mini da su gobe. Ni zan shiga Damagaram da kaina in zaɓo, in ga lamba da idona. Maganar kuɗinsu ka bar ta, tsakanina da kai ne, ba yau ba. Buhun baƙin bulon kuma ka ɗaure bakinsa ka sa a motar. Gawayi dai ban saya ba, kuma na gaya wa Ɗanladi in ya sayo maka a wani wuri ni da shi ne.

Da na kawo nan na shiga gida shan ruwa, innarka ta ga takarda a hannuna ta ce, "Malam, tun jiya kake shiga kana fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Me yaron ya yi?" Na so in ce ba komai, sai na tuna abin da na gama rubuta maka a kan shiru. Na faɗa mata duka, har gawayin. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya. Ta dubi hannunta.

Sannan ta ce, "Rubuta masa. Ka ce ranar da za a fara matsa a Dungas ina nan zuwa. Ni zan fara buga kirik ɗin, kafin kowace mace ta taɓa."

Na ce, "Haba, ke kuwa, da wane hannun?"

Ta ce, "Da na daman. Ai ya rage." Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Na yi magiya, na ce zan je a madadinta, ta ce ni ban iya gane tunkuzar da ta matsu ba. Ka san ta, in ta faɗi abu ta gama. Har ta aika a gaya wa Ɗanladi ya riƙe mata kujerar gaba. Don haka ban san me za ka yanke ba, Babana, aikinka ne, sunanka ne, kuma kana nesa da muryata. Amma duk sandar da za ka ɗaura a matsar nan, ka ɗaura ta ka san wadda za ta durƙusa a gabanta.

Allah ya yi maka albarka, ya ba hannunka sa'a, ya sa ka fi ni hankali tun kafin ka kai shekaruna. Allah ya tsare ka fita da shiga, ya tsare matan Dungas da 'ya'yan da ke bayansu. Ya jiƙan mai sunanka. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ina jiran kara da noti a motar gobe.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ila